Roƙon da Na Yanke wa Matan Dakko

Sana'ata turi ce. Ina da rumfa a bakin kasuwar Talata Mafara, da tsohuwar kwamfuta, da benci guda, da ƙaramin janareto da ba ya tashi sai an lallashe shi. Mutum ya kawo memori ko waya, in zuba masa fim ko waƙa ko wa'azi, ya koma ƙauyensu inda sabis ba ya zama, ya kalla hankali kwance. Karatuna bai yi nisa ba, amma aikin ba ya neman dogon karatu. Abu ɗaya yake nema, ka san abin da kake zuba wa mutane. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ba na kallon fim. Barci yake sa ni. Sai dai ban taɓa bari an gane ba. In aka tambaye ni yaya wannan yake, sai in dubi hoton da ke kansa. In na ga takobi in ce akwai gumurzu. In na ga mace tana kuka in ce akwai darasi. Da amsoshin nan biyu na ci abinci shekara da shekaru.

Rabin cinikina na ranar Talata a ƙullin Inna yake zuwa. Ba ita ta haife ni ba, ƙawar mahaifiyata ce tun suna 'yan mata, dillaliya ce daga Dakko ta ƙasar Bakura. Takan kawo wa matan garinsu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli kasuwa, ta sayo musu atamfa da kwanuka, kuma ita ke zuwa da memorinsu. Kowane memori a ɗaure yake cikin ƙyallen zanen mai shi, da haka take gane na kowa. Ta kwance ƙulli ta ce mai ruwan ɗorawar nan soyayya take so, mai shuɗin nan waƙoƙin biki, wannan kuwa amarya ce, zuba mata komai. Ranar da na buɗe rumfa, bayan rasuwar mahaifiyata da kaɗan, ita ta fara zube ƙullin nan a kan teburina, ta ce albarkacin ƙawarta. Daga baya wani matashi ya buɗe shago daura da ni, da sola da fanka da kujerun roba. Mutane da dama suka tsallaka wurinsa. Inna ko kallon ƙofarsa ba ta yi ba.

Daminar bara wani gajeren fim na 'yan Sin ya shigo hannuna, an fassara shi da Hausa, an yanka shi guntu-guntu, kowane kashi ba ya kai a shanye kofin shayi. Ba wanda ya riƙe sunansa na ainihi, mai agogo ake ce masa. Labarin, yadda na tsince shi a bakin mutane, wani sarkin yaƙi ne a zamanin da, ya yarda da tsegumi ya kori matarsa cikin ruwan sama, ta mutu a ƙofar gidansa. Wai sai aka sake haihuwarsu su biyu a wannan zamani. Shi attajiri ne, yana tune da komai. Ita shayi take sayarwa a wani ɗan kanti, ba ta tuna komai. Yana neman ta yafe masa, amma kullum da yamma mota ta buge shi ya mutu, ya farka da safiyar ranar nan dai da ya baro, agogo na ƙara, ya kai hannu ya ture kofi ya fashe. Ya sake fita nemanta.

Talatar da fim ɗin ya zo Inna ba ta shigo kasuwa ba, tana jinyar ƙafa. Na zuba wa kowa, har mutanen Faru ta ƙasar Maradun da suka zo a kan babura. Hoton kansa mace ce tana kuka cikin ruwa, saboda haka na ce akwai darasi.

Da kasuwa ta zagayo, bencina ya cika tun hantsi, kowa da ra'ayinsa. Wani ustazu mai sayar da turare ne ya buɗe taro.

"Wanga fim ƙarya ce tsagwaronta. Wanda ya mutu ya mutu, sai tashin alƙiyama."

Muka ce gaskiya ne, kuma gaskiyar ce. Sai ya miƙo mini wayarsa a hankali. "Na ƙarshen ya ƙi buɗewa. Duba min shi."

Wani mahauci ya ce, "Malam, ƙaryar za ka ƙarasa?"

"In ban ga iyakarta ba, mi zan hana mutane?"

Mahaucin ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai daban ne. "Mutum ya san mota na jiran shi da la'asar. Mi zai fitar da shi? Shi sha fura shi kwanta mana."

Wani mai noman albasa ya girgiza kai. "Bar wannan. Mutum ya wayi gari ya san abin da za a yi a garin ga har dare, ya san farashin komi, sai shi tahi sayen fure. Fure ake ci?"

"Ba wanda ya tausaya wa direban," in ji wani direban motar haya da ke jiran lodi. "Bawan Allah ya fito neman abincin iyalinshi, kullum sai ya kashe mutum, kuma mutum guda. Ni da na gan shi gaba sai in canza hanya."

Ina zaune ina gyaɗa kai kamar wanda ya yi nazari, ina jefa "ai akwai hikima a wurin" duk inda na ga gurbi. Sai wani tela, mai yawan sayayya a wurina, ya iso da fushinsa. Bai ko ƙarasa gaisuwa ba.

"Kai mai turi, abu guda ka cika min memori da shi. Na buɗe wannan, agogo. Na buɗe wancan, agogo. Kofin ga ya fashe har na fara jin tausayin mai sayar da kofi. Ka rasa abin zubawa ne?"

Nan take wasu suka tuna cewa su ma abin ya dame su. Ashe da yawansu da sun ji ƙarar agogo sai su tsallake zuwa gaba, su sake jin agogo, su sake tsallakewa. Telan ya ɗaga murya yadda za ta haye titi. "Wancan yaron mai sola ba ya maimaita wa mutane kaya."

Wannan maganar ce ta tayar da ni daga benci. Na buɗe kwamfuta na duba. Kashi bayan kashi, hoto ɗaya ne, hannu a kan agogo. Da na danna biyu ko uku na saurara, da na gani da idona. Ban danna ba. Na zagi wanda ya turo mini fim ɗin daga Gusau, a zuciya da kuma a fili, na ce shi ya kwafo abu ɗaya ya jibga mini. Sannan na zauna na yi gyara. Na bar farkon, inda aka kori matar. Na bar agogo ɗaya, na farko, wanda na ji an ce mutumin ya je da fure. Na bar ƙarshen, inda ake biki. Duk abin da ke tsakani na share. Fim ya dawo ɗan ƙarami mai tsafta, na sa masa suna gyararre.

Da azahar Inna ta iso tana ɗingishi. Muka gaisa, na yi mata sannu da ƙafa, ta kwance ƙulli. Na zuba gyararre a kan kowane memori mai son soyayya, na ƙara da abin da bakina ya jawo mini.

"Inna, naku na musamman ne. Ba irin wanda aka ba kowa ba."

"Allah shi yi ma albarka, ɗan nan," ta ce.

Maza sun ji daɗin aikina. Telan ya dawo ya ba ni hannu. "Yanzu ka yi aiki. Mutum ya yi laihi, ya tahi sau guda da fure, ta karɓa, anka ɗaura aure. Haka mace ta gari take." Ya ce har ya kunna wa matarsa don ta ɗauki darasi. Ustazu ya ce ƙarya dai tana nan, amma aƙalla yanzu mutumin bai cika mutuwa ba. Mahauci ya ce ya ga an bi shawararsa. Na yi mako guda ina jin kaina kamar ni na shirya fim ɗin.

Ra'ayin matan Dakko kuwa Inna ta kawo shi tare da man gyaɗa.

"Sun ce yarinyar ga ba ta da zuciya. An bar ta cikin ruwa har ta mutu, an kawo mata ganye mai launi, ta washe baki. Wata ta ce ko akuyarta sai an ja ta da igiya kafin ta bi wanda ya doke ta."

Na ce ai darasin ke nan, Inna, haƙuri. Ta ɗan dube ni, ta ɗaure ƙullinta.

Talatar da ta biyo baya ta zo da wuri. Ta zauna a benci ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo fiye da kullum. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya yara, ya kasuwa, ya muka ji da ruwa, ya mutanen unguwa. Ina amsawa ina kallon ƙullin, yana kan cinyarta a ɗaure. Da ta gama sai ta zaro wata waya daga jaka ta ajiye a kan tebur.

"Ta ɗiyar ƙanwata ce, wadda ke aure Faru. Kai ka zuba mata mai agogo."

Ashe an yi suna a Bakura, dangi sun haɗu. Matan Dakko suna gefe guda suna yankan albasa, matan Faru suna tuƙin tuwo, hira ta gangaro kan mai agogo. Wata 'yar Dakko ta ce ba ta taɓa ganin sakarar yarinya irin wannan ba. Matan Faru suka ajiye muciya. Suka ce wace yarinya, wadda ta gasa namiji har ya manta sunansa? Aka yi ta musu, waɗannan na cewa fure ɗaya ta bi, waɗancan na cewa ta watsa masa shayi a fuska. Nan Inna ta tsoma baki don ta raba gardama, ta ce na Dakko ne na gaskiya, ɗanta mai turi ya ce nasu na musamman ne. Sai aka fito da wayoyi aka jera a kan tabarma.

"Sunka yi muna dariya har tuwo ya kama," in ji Inna. "Wata ta ce ku mutanen Dakko ko fim guntu ake ba ku. Matan garinmu kuwa ni sunka juyo ma. Wai ko mai arha nake nemo masu in riƙe canji. Ni, da furfurata."

Na fara bayani kan mutumin Gusau da maimaici. Ta ɗaga hannu.

"Ka kalle shi?"

"Inna, ai aikina ne."

"Ban tambaye ka aikinka ba."

Ta tura mini wayar. "Zauna. Kunna."

Ranar kasuwa ce, rana ta fara ɗagawa, mutane na tsaye da memori a hannu. Na ce ko za mu bari sai an tashi. Ta ce ita ma da kayan mutane a kanta, kuma ta zauna. Haka na zauna gefenta kamar mai ɗaukar karatu, muka sa waya a tsakiya. Masu jira suka gaji suka tsallaka titi ɗaya bayan ɗaya, ina jin fankar mai sola tana yi musu maraba.

Agogo ya yi ƙara, kofi ya fashe, mutumin ya je da fure. Ta karɓa, iyakar abin da na bari ke nan, a guntun da ke biye kuwa ta jefa shi a kwandon shara. Mota ta buge shi. Agogo ya yi ƙara, kofi ya fashe, ya je da sarƙar zinari. Ta kira masa 'yan sanda. Ya sake farkawa, ya saye kantin gaba ɗaya don ya zama maigidanta, ta ajiye aikin ta yi tafiyarta.

"Ka ga naku," in ji Inna. "In abu ya ƙi, sai a nemi saye."

Ya dawo da ƙarya, ya ce ciwon ajali ke gare shi. Ta gano, ta watsa masa shayi. Inna ta ce in mayar da wurin baya ta sake gani, na mayar. Ya dawo da gaskiya, ya faɗa mata abin da ya yi mata a waccan rayuwar, ta ce mahaukaci ne. Ya dawo bai ce komai ba, ya tsaya yana wanke mata kofuna har yamma, ya fita mota ta buge shi. A wani kashin ya durƙusa a ƙofarta cikin ruwan sama, ta leƙo ta taga ta ja labule. A wani kuma ya ga akwai wani saurayi talaka da ke sonta, ya haɗa su da hannunsa, ya je ya tsaya a bakin titi yana jiran motar. Nan na goge ido, na yi kamar hayaƙin janareto ne.

Ba wai fim ɗin ya zama gaskiya ba. Ustazu bai yi kuskure ba, mahauci ma yana da hujja, kuma har yau ban ga dalilin da zai hana mai kuɗi irin wannan ya sayi kofin roba ba. Amma ko kashi ɗaya bai maimaita ɗan'uwansa ba. Agogon ne kaɗai iri ɗaya. Mu maza muka ji agogo muka ce mun gane sauran.

Da aka zo bikin ƙarshe Inna ta kife wayar.

"Wannan ba sai mun gani ba. Kai ɗan nan, ka san abin da matan ga ke saye? Mace ta wuni tana daka, ta dafa, ta wanke, ta samu ɗan lokaci ta zauna da waya. So take ta ga namiji yana roƙo ana hana shi. Shi dawo, a hana shi. Shi sake dawowa. Abin da ba ta taɓa gani a tsakar gidanta ba. Kai ka bi ka yanke roƙon kaf, ka ba mu biki. Biki mun gani har mun gaji, kowace da nata."

Na ce zan zuba musu cikakken yanzu, kyauta.

"Za a zuba," ta ce. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ɗauki ƙullin da bai kwantu ba, ta tsallaka titi da ɗingishinta. Ina kallo mai sola ya tashi ya ba ta kujera.

Tun daga ranar ba ta fasa gaishe ni ba. Kowace Talata ta tsaya a bakin rumfa ta tambayi iyali da yara da kasuwa, sannan ta haye. Ni kuma kowace Talata da abin da na tanada. Na ajiye mata ruwan sanyi, ta ce ta sha a tasha. Na ja benci inuwa, ta ce ƙafar ta warke. Na aika wani dattijo mai sayar da goro ya ba ta haƙuri, ta saurare shi da ladabi ta sayi goro. Na ambaci mahaifiyata, ta ce Allah shi jiƙanta, ita ba ta taɓa ba ta mudu guntu ba. Da dabara ta ƙare mini na sake fito da ruwan sanyi, ta dube shi ta ce, "Wannan ka yi shi waccan Talatar."

Mutumin fim ɗin ya fi ni sa'a. Tasa yarinyar kullum da safe ta manta abin da ya yi jiya. Inna ba ta manta komai.

Bayan an yi girbi, wata Talata ta gama gaisuwa ba ta wuce ba. Ta sa hannu a jaka ta fito da memori guda, ɗaure cikin ƙyallen farar shadda, irin ta maza.

"Na maigidana ne. Ya ji labarin guntun nan naka, ya ce shi irin shi yake so. Ku kun fi kusa."

Ta ajiye ta tsallaka da ƙullin mata. Na daɗe ina juya memorin a hannu. Gyararre yana nan a kwamfuta, telan ma ya turo abokansa sun karɓa. Na buɗe cikakken, mai agogo tun daga farko har ƙarshe, na zuba wa tsohon, na ɗaure da shaddarsa. Da ta dawo karɓa na miƙa mata kamar gyararre ne a ciki.

Da kasuwa ta zagayo ta zauna a bencina, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"An ba ni saƙo, kuma ni ba na rage saƙo. Ya ce in gaya wa yaron ga macuci ne. Ya ce abu guda ka cika mai waya da shi. Ya ce agogon ga ya hana shi sakat, yana ji har cikin gona." Ta gyara zama. "Ya tsallake, ya tsallake, na ce malam ba haka ake yi ba, kawo in riƙe ma. Munka kalla tare. Wurin durƙuso cikin ruwa ya tashi wai zai duba awaki."

Ta miƙa hannu ta ɗauki ruwan sanyin da ke kan tebur ta sha. Sannan ta kwance ƙulli a kan cinyarta, ta tsinci ƙyallaye kaɗan ta tura gabana, mai shuɗi da wasu.

"Waɗanga waƙar biki suke so, wagga kuma wa'azi. Ka saurara kafin ka zuba."

"Na fim fa, Inna?"

Ta ɗaure sauran, ta ja bakin ƙullin da haƙori.

"Fim tukuna," ta ce, ta duba hagu da dama saboda babura, ta tsallaka.